Dan Allah masu harkar hoto, ya ake ɗaukar fararen duwatsun bakin teku su fito yadda ido ke ganinsu?

Ɗan_Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar hoto taimako nake nema. Ina karatun digiri na biyu a Brighton nan kudancin Ingila, toh kusa da mu akwai wasu duwatsu a bakin teku da ake ce ma Seven Sisters, tsakanin garin Seaford da Eastbourne suke, duwatsun alli ne farare tas sun miƙe tsaye ƙyam daga cikin ruwa, samansu kuma ciyawa ce koriya shar tumaki na kiwo. Wallahi duk wanda ya tashi a garinmu inda babu teku in ya tsaya a wajen nan sai ya yi tasbihi. Inaso in ɗauki hoto mai kyau guda ɗaya ko biyu in wanke babba in kai ma mahaifiyata in na tashi komawa gida, don kullum in muna waya sai ta ce wai ya tekun yake.

Kyamarata Canon 2000D ce da ƙaramin lens ɗin da take zuwa da shi 18-55, sai wayata. Matsalolin da nake samu su ne, na farko dutsen ko dai ya fito toka-toka duk ya yi dauɗa ko kuma ya fito fari fat babu komai a jikinsa, alhali da ido kana ganin layi-layi baƙaƙe da tsage-tsage a jikin. Na biyu wanda ya fi damuna, girman baya fitowa sam, kana tsaye a sama ƙafarka na rawa saboda tsawo amma in ka duba hoton sai ka ga ɗan tudu ne kawai da ruwa a ƙasa, na tura ma abokina a WhatsApp ya ce ai duwatsun Dutsinma sun fi wannan. Na uku ina ganin hotunan turawa ruwan ya kwanta luf ya yi fari sumul babu igiyar ruwa ko ɗaya, shin editin ne ko a kyamara ake yi? In kuma sai an sayi wani abu to meye mafi araha, kun san halin ɗalibi.

Sannan wane lokaci ya fi, safe ko yamma? Yanzu mun shiga Nuwamba rana na saurin faɗuwa. Na gode Allah ya saka da alheri.

Baba_Mai_Hoto

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu, Allah ya yi ma mahaifiya albarka.

Bari in fara da ta biyu don ita ce uwar matsalar. Tsawon dutse baya fitowa in kana tsaye a kansa, ko wace irin kyamara gare ka. In kana sama kana leƙa ƙasa abin da kake ji a jikinka tsoro ne da iska, kyamara kuwa bata ɗaukar tsoro, ciyawa zata ɗauka da ruwa shikenan. Dutse daga gefe ake ɗaukarsa kuma daga nesa. Wajen da kowa ya sani shine ta ɓangaren Seaford Head, in ka gangaro zuwa bakin kogin Cuckmere akwai wasu tsofaffin gidaje 'yan ƙanana a bakin gaɓa, gidajen masu gadin teku na da, in ka tsaya a hanyar da ke bayansu ka fuskanci gabas zaka ga duwatsun duka sun jeru ɗaya bayan ɗaya har can nesa. Gidajen nan su ne sirrin hoton, domin ido ya san girman gida, da ya ga gida ƙarami a gaba dutse ya tashi a bayansa nan take zai gane abin da ake magana. Mafi tsawo cikin bakwai ɗin shine na farko daga wannan ɓangaren, wajen mita 77 ne. In ba gida to mutum, ka jira wani mai tafiya ya hau saman tudun can nesa ya zama ɗan ɗigo, musamman in ya sa jar jaket ko ruwan ɗorawa, sai ka danna.

Kuma kar ka buɗe lens ɗin a 18 kana son komai ya shiga. 18 tana tura abin da ke nesa ya ƙara nisa ya ƙanƙance. Ja shi zuwa 55, ka ja da baya in ya kama, zaka ga duwatsun sun matso sun hau kan juna sun cika hoton. In Allah ya hore ma nan gaba ka nemi 55-250 na hannu, bashi da tsada sosai kuma faɗin bakinsa ɗaya da naka, milimita 58, duk filtar da ka saya zata shiga duka biyun.

Maganar fari kuma, mu da muka yi hoton biki da na sallah mun sha ta. Alhaji ya fito da farar shadda wagambari da tsakar rana, ka bar kyamara a otomatik, ko ta mayar da shaddar ruwan toka ko ta ƙone ta aikin wuyan ya ɓace, to dutsen alli haka yake. Kyamara bata san fari ba, ita duk abin da ta gani ƙoƙari take ta mayar da shi tsaka-tsaki, in fari ya cika mata ido sai ta ce haske ya yi yawa ta rage, shi ya sa ka ga dauɗa. Maganinsa ka juya ta zuwa Av, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar hasken lens, ka sa f/8 ko f/11, ISO wato ƙarfin jin haskenta ka sa 100, sannan ka danne maɓallin nan na baya mai alamar +/- ka murɗa ka ƙara haske zuwa +0.7 ko +1. Ka ɗauka ka duba. In ka danna DISP wajen kallon hoto zata nuna ma ɗan zane mai tudu-tudu, kuma duk inda ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa baƙi, in ka ga jikin dutsen na ƙyaftawa ka rage kaɗan ka sake. Kar ka yarda da sikirin a waje, hasken gari na ruɗi. Kuma ka sa ta riƙa ajiye hoto a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara bata sarrafa ba, ko RAW da JPEG na yau da kullum tare, domin RAW ana iya dawo da abin da ya ɗan ƙone a kwamfuta, JPEG in ya tafi ya tafi.

Baƙaƙen layukan da kake gani a jikin dutsen ƙanƙara ce irin ta ƙyastu, a jere take cikin allin, kuma bata fitowa sai haske ya zo daga gefe. Rana tsaka ba ta da amfani. Daga wajen gidajen nan gabas kake kallo, da safe rana na cikin idonka dutsen zai zama inuwa, don haka bayan la'asar ne lokacinka, rana na bayanka ta dama tana dukan fuskar dutsen, farin ya koma ruwan zuma. A Nuwamba wajen ƙarfe 4 da 'yan mintuna take faɗuwa, to ka kasance a wajen tun 2 da rabi ka zaɓi inda zaka tsaya. Kar kuma ka tattara da ta faɗi, minti 20 ɗin bayan faɗuwarta sama na yin wani shuɗi da ja-ja, allin kuma ya riƙe haske fiye da komai a wajen.

Abu ɗaya da nake gani a hoton yara da yawa, teku a karkace. Ruwa baya karkata, ko ɗan kaɗan ne ido zai kama. Kunna layukan giridi a sikirin ka daidaita bakin teku da su.

Maman_Ihsan

Salam. Ƙanina ni ban san harkar kyamara ba sai ta waya amma a Eastbourne nake zaune da iyalina, aikin jinya nake, kuma da na ga ka rubuta wai kana tsaye a sama ƙafarka na rawa gabana sai da ya faɗi. Dan girman Allah kar ka ƙara matsawa bakin dutsen nan. Ba irin dutsen gida bane mai tauri, alli ne, ruwan sama na shiga cikinsa sanyi ya tsaga shi teku kuma na cin gindinsa, sai ka ga ciyawa lafiya lau a sama alhali ƙarƙashinta babu komai rataye take. Dalilin da yasa ma kullum yake fari tas kenan, yana zubewa ne sabo na fitowa, bai samun zaman da zai yi datti. Hukumomi a nan cewa suke a bar aƙalla mita 5 tsakaninka da baki, ni kam ina ce ma yarana ninki biyu, in ana iska ma bama hawa.

Ba tsoratarwa nake ba. A 2017 wata ɗaliba 'yar Koriya ta Kudu ta rasu a daidai wajen Cuckmere ɗin da Baba ya faɗa, hoto ake ɗaukarta ta yi tsalle ta zame, yarinya ta zo karatu kamar kai iyayenta na can suna jira. A shekarar ne kuma wani ƙaton ɓangare ya rufto a Seaford Head da rana lokacin zafi mutane na bakin ruwa. In ka je Birling Gap, a ƙarshen duwatsun ta ɓangaren Eastbourne, ka dubi jerin gidajen da ke wajen, da sun fi haka yawa, ana rushe su ne ɗaya bayan ɗaya in teku ya iso gindinsu, na baya-bayan nan a 2014 aka rushe. Ita ma tsohuwar hasumiyar fitilar da ke saman tudu, Belle Tout, a 1999 sai da aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta baya mita 17 don kar ta faɗa. To wajen da aka ja gini baya kai meye naka na matsawa gaba.

Ƙasan ma haka, in ka sauka matakalar Birling Gap zuwa bakin ruwa kar ka zauna a gindin dutsen ko ka jingina wai kana neman inuwa ko mafakar iska, fararen tarin da zaka gani a ƙasa daga sama suka zubo. Kuma ka san lokacin cikowar ruwa kafin ka sauka, mutane na tafiya can nesa suna ɗaukar hoto ruwa ya zagayo ta bayansu ya rufe hanya, gaba teku baya katangar dutse babu wajen hawa. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 zaka kira ka ce Coastguard, masu ceto a teku, kake so. Netwok ma a ƙasan bai da tabbas, don haka ka faɗa ma wani inda zaka da lokacin da zaka dawo.

Hanya kuma, daga Brighton bas mai lamba 12 na bin bakin teku har Eastbourne, ka hau sama ka zauna ta hannun dama zaka sha kallo. Ka sauka a Seaford ka taka ta Seaford Head, ko ka sauka a Exceat wajen gadar. Kar ka ce zaka tsallaka kogin a bakin teku da ƙafa don ka ga turawa na yi, sanyin ruwan a wannan watan ba wasa bane, ka zagaya ta gada. Takalmi mai kama ƙasa, allin in ya jiƙe santsi gare shi sosai, safar hannu, hula, da tocila don da rana ta faɗi wajen duhu ne ƙirin babu fitilar titi. Ka tafi da alwalarka da 'yar darduma, la'asar da magariba duk a can zasu same ka yanzu tunda kusa suke da juna, alƙibla kudu maso gabas ce, ka samu gefe nesa da baki ka yi abinka ba mai ce maka komai.

In ka ƙarasa Beachy Head, dogon dutsen da ke kusa da Eastbourne, kai kaɗai da yamma kar ka yi mamaki in wasu masu sintiri suka zo suka tambaye ka lafiya kake, 'yan sa kai ne masu kula da mutanen da damuwa ta kawo wajen, ka amsa musu da fara'a aikin alheri suke.

In kun shigo Eastbourne kai da abokanka ku yi magana ta inbos, Baban Ihsan zai zo ya ɗauke ku ku ci tuwo.

Ɗan_Zango_Akra

Sannunku jama'a, gaisuwa daga Nima. Ni ban taɓa zuwa Ingila ba amma bakin teku nan na girma kuma aikin hoto nake ci da shi, Jamestown, Cape Coast, Elmina duk ina zuwa da baƙi. Namu ba dogayen duwatsu bane irin naku, duwatsu ne baƙaƙe da jajaye a kwance ruwa na dukansu, amma abin da Baba ya faɗa na fari gaskiya ne, ganuwar Elmina fara ce tas, Turawan Fotugal suka gina tun 1482, in ka ɗauke ta da rana tsaka bangon zai ƙone ko sama ta yi duhu. Kuma maganar ɗauka daga nesa ma haka, duk wanda ya tsaya a ƙofarta bango kawai zai samu, hoton gaske sai ka hau tudun St. Jago da ke fuskantarta ka ga ganuwar da teku da kwale-kwalen masunta masu tutoci cike da bakin tafkin Benya, kwale-kwalen su ke nuna girman ginin.

Abin da nazo ƙarawa wanda ba wanda ya taɓa shine gishiri. Ɗan uwa gishiri ke kashe kyamara a bakin teku, ba faɗuwa ba. Ko ruwa bai taɓa ka ba iskar na ɗauke da shi, bayan minti kaɗan in ka duba gilashin zaka ga ya yi dishi-dishi, hotuna su fara fitowa da hazo ka ɗauka yanayi ne. Kar ka goge da bakin riga ko a bushe, gishiri da yashi zasu karce gilashin. Ka hura tukuna da 'yar robar hura iska, sannan ƙyalle mai laushi da ɗan ruwan goge lens. Ka sayi filta mai arha ta kariya ka ɗaura a gaba in ana iska, gara ita ta lalace. Kar ka canza lens a fili, in dole ne ka juya ma iska baya ka yi cikin jaka. In ka dawo gida ka jiƙa tsumma da ruwan famfo ka matse sosai ka goge jikin kyamarar duka har igiyar wuya, ƙafafun tirafod, abin kafa kyamara mai ƙafa uku, kuma ka buɗe su ka wanke da ruwa mai daɗi in ba haka ba wata ɗaya zaka ji suna ƙara suna cijewa. Mu nan har da danshi muke fama, naman gwari na tsirowa cikin lens, shi yasa muke ajiye su da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Ku can sanyi ne, batir zai riƙa mutuwa da wuri, ka sa na biyu a aljihun ciki kusa da jiki.

Kuma kar ka juya ma teku baya in kana kan dutse kusa da ruwa. Zaka ga igiya ƙanana suna zuwa ka saki jiki, sai wata babba ta zo ta wuce inda duk sauran suka tsaya. Ni kafin in kafa kyamara sai na tsaya na kalli ruwan tukuna na ga iya inda ya jiƙa, duk dutsen da yake jiƙe ruwa ya je wajen kuma zai dawo.

Mutane kuma a tambaye su. Masuntanmu basa son a ɗaga musu kyamara ba sallama, ka gaisa ka nemi izini. Ranar Talata basa shiga teku, ranar ce zaka samu kwale-kwale duka a gaɓa suna gyaran koma.

Injiniya_Sokoto

Baba Allah ya ƙara girma, ina tare da kai a komai amma a maganar +1 ɗin nan ina da ɗan ja, a gafarce ni. Ƙara haske na aiki ne in farin ya cika hoton ko ranar da gari ya lumshe. Amma hoton da ka kwatanta masa daga wajen gidajen, rabi teku ne mai duhu da ciyawa da rufin gidaje, dutsen ɗan tsiri ne a tsakiya rana na dukansa, a nan kyamara duhun zata gani ta buɗe, sai allin ya ƙone. Shi yasa ya ce wani lokaci toka wani lokaci fari fat, abu biyu ne ke faruwa da shi. A irin wannan ni ragewa nake zuwa -0.3 ko -0.7 sai in ɗago inuwar a kwamfuta. Mafi sauƙi ya kunna AEB a menu ta ɗauka masa uku, ɗaya daidai ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya zaɓa a gida da shayinsa.

Tambayarka ta uku malam, ba editin bane. Shota, marfin da ke buɗewa haske ya shiga in ka danna, ake bari a buɗe na daƙiƙoƙi, duk abin da ke motsi sai ya narke wanda ke tsaye ya tsaya. Dole tirafod, hannu bazai iya ba. Da rana kuma haske ya yi yawa sai da baƙar filta da ake ce ma ND, mai lamba 1000 wato sitof 10, kowane sitof rage rabin haske ne, ka nemi mai baki 58. Lissafinta, in ba filta kyamara ta baka 1/125 to da filta zai zama daƙiƙa 8, in 1/60 ne wajen 16, in 1/30 ne 30 wanda shine ƙarshen abin da kyamararka ke yi da kanta. Ka saita fokas kafin ka ɗaura ta don in ta hau kyamara bata gani, sai ka tura maɓallin lens zuwa MF wato fokas da hannu, ka kashe IS mai hana girgiza, ka koma M inda kai ke saita komai, ka sa taima na daƙiƙa 2 don kar yatsanka ya girgiza ta. In ba kuɗin filta ka jira bayan faɗuwar rana, a f/11 da ISO 100 da kanta zata kai daƙiƙa 2, 5, 10 yayin da duhu ke shigowa, kyauta. Ni a ra'ayina ma daƙiƙa 30 na kashe teku, ya zama ba rai, na fi son rabin daƙiƙa zuwa 1, ka danna daidai lokacin da igiya ta gama dukan tsakuwa tana komawa, zaka samu fararen zare-zare suna ja zuwa cikin ruwa. Iskar wajen nada ƙarfi, kar ka zare tirafod ɗin har ƙarshe, ka bar shi gajere ka danna ƙafafun cikin tsakuwa, ka cire igiyar wuya ko ka riƙe ta don tana kaɗawa.

Cikowar ruwa kuma tunda Anti ta taɓo, mu da ke bin lissafin wata abin ya zo mana da sauƙi. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa awa 6 da ɗan kai, kuma kullum yana ƙara latti da wajen minti 50. Farkon wata da tsakiyarsa, 14 zuwa 16, lokacin ne yake cika sosai ya kuma janye sosai, a wannan gaɓar bambancin na kai wa mita 6, ba kamar Gana ba inda bai kai 2 ba. A irin ranakun a nan cikar na zuwa ne wajen tsakar rana janyewar kuma wajen 5 zuwa 6 na yamma, to a Nuwamba duhu ya riga ya yi, don haka kwana 2 ko 3 kafin nan zaka samu janyewa ta haɗu da faɗuwar rana. In ya janye a Birling Gap wani farin daɓe na alli ke fitowa da ƙananan kududdufai, ka durƙusa ka kawo kyamara kusa da ɗaya zaka samu dutsen da inuwarsa a cikin ruwa. Amma kar ka dogara da lissafina, ka duba jadawalin Newhaven ko Eastbourne a intanet na ranar da zaka, ka sauka ruwa na kan janyewa, da ya juya ka kama hanyar matakala.

In kana son hoton da zai rufe bakin abokin naka, Beachy Head. Mita 162 ne, babu dutsen alli a bakin tekun Birtaniya da ya kai shi, a ƙasansa cikin ruwa akwai hasumiya mai ja da fari da ta fara aiki a 1902, tsawonta mita 43 amma daga hanyar da ke tahowa daga Belle Tout sai ka ganta 'yar mitsitsiya a gindin dutsen. Daga kan hanya ake ɗauka a 55, ba sai ka je baki ba. Diron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, kuma ka manta da shi, filin Birling Gap na ƙungiyar kula da wuraren tarihi National Trust ne basa bari sai da izini.

Ɗan_Katsina

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti in sha Allah na ji kuma na ɗauka, bazan ƙara matsawa ba, tuwo kuma muna nan tafe. Baba da Injiniya yanzu na gane dalilin da yasa yake min iri biyu. Tirafod wani ɗan ajinmu yace zai ara min, filtar ce sai wata mai zuwa. Tambaya ɗaya ta rage, na ga ana maganar wata filta polaraiza, ita da ND wacce zan fara saya in ɗaya zan iya? Kuma in gari ya lumshe ranar da na shirya, tunda kun san ƙasar nan, in fasa ne ko in je? Sannan hoton da za a wanke babba a rataye a falo, megafiksel ɗin kyamarata zai isa?

Baba_Mai_Hoto

Injiniya ka yi gaskiya, a wancan hoton ragewa ya fi, shi dai ya riƙa duba ƙyaftawar nan ita ce alƙali.

Ɗana polaraiza zaka fara saya. Abin da ND ke yi magariba zata baka shi kyauta kamar yadda Injiniya ya ce, amma abin da polaraiza ke yi babu kwamfutar da zata yi maka, tana cire ƙyallin da ke kan ruwa da jiƙaƙƙen dutse, tekun wajen ya fito da korensa mai madara-madara saboda allin da ya narke a ciki, sama ta ƙara shuɗi farin dutsen ya fita sosai. Juya ta ake a hankali kana kallo har ka ga ƙyallin ya tafi, ta fi aiki in rana na gefenka, in tana gabanka ko bayanka sak ba wani abu zaka gani ba. Kar ka ƙure ta a 18, sama zata yi duhu ɓangare ɗaya. Tana kuma cin haske sitof ɗaya da rabi zuwa 2, to ka ga ta ɗan taimaka ma wajen jan shota. In kana son inuwar dutse a kududdufi sai ka sassauta ta don ita ma zata goge.

In gari ya lumshe ka je. Farin dutse a gaban baƙin hadari ya fi shi a gaban shuɗin sama, kuma sau da yawa dab da faɗuwa rana na leƙowa ta ƙarƙashin gajimare na minti 2 ko 3 ta haska allin kaɗai, sai wanda ya riga ya kafa kyamara yake samu. Abin da zai sa ka fasa shine iska mai ƙarfi ko hazo mai rufe hanya, ka duba Met Office, hukumar hasashen yanayi, da safe, in sun sa gargaɗin iska ka zauna a ɗaki ka yi karatu.

Megafiksel 24 gare ka, ya isa girman takarda A3 har A2 ma in hoton bai girgiza ba kuma ISO na ƙasa. Ka kai musu asalin fayil ɗin a filashi, kar ka tura ta WhatsApp tana matse shi. Ka ce takarda marar ƙyalli kake so saboda hasken falo, ka naɗo shi a kwalin bututu ka sa a jakar hannu, firem ɗin a yi maka a Katsina ya fi araha kuma gilashi baya son jirgi.